Filin Mota: tambayoyinku kan ƙananan kat-kat da maganar kiranye

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wanga wata kusan duk kan abu guda sunka faɗa, wato ƙananan kat-kat ɗin nan da sunka cika garin Maraɗi, su RAV4, CR-V, Tucson, Sportage da Rogue, da kuma wata murya da ke yawo a WhatsApp wai kamfanoni sun yi musu kiranye, wato sun ce a maido su a gyara, saboda suna kama wuta ko suna mutuwa tsakiyar hanya. Na taƙaita wasu saƙonnin dan wurin ya ishe mu, masu su suyi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, bara na sayi RAV4 2019 wadda ta shigo daga Amurka ta Lome, wlh har yau bata taɓa bani matsala ba amma tunda naji muryar nan hankalina yaƙi kwanciya, ga shi duk ƙarshen wata ina ɗaukar iyali zuwa Tasawa. Da gaske ne ko surutun waya ne? In saida ta ne ko ƙaƙa?
Wani Alhaji daga unguwar Zariya

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Kar ka saida motarka saboda muryar da baka san mai ita ba, amma kuma kar kace duk ƙarya ce, akwai gaskia ciki, sai dai an cakuɗa labarin mota goma cikin guda.

Kiranye ba suna ko shekarar mota kaɗai yake bi ba, lambar shasi yake bi. RAV4 biyu duk 2019 launi guda suna iya tsayawa gefe da gefe bakin Babbar Kasuwa, guda tana cikin waɗanda anka kira guda babu ruwanta, saboda ba masana'anta ɗaya ta haɗa su ba ko ba wata ɗaya anka haɗa su ba, kayan da anka sa musu ba buhu guda bane. Toh abu na farko ka nemo lambar shasin, haruffa da lambobi ne guda 17, tana ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, in ka tsaya waje ka leƙa zaka ganta, tana kuma jikin wata takarda da anka manna a ginshiƙin ƙofar direba, sannan tana kan kart giris ɗinka. Ka gwada ukun ka gani sun zo daidai, in sun saɓa to wannan wata magana ce da tafi kiranye girma. Babu harafin I, O ko Q cikinta, in kaga kamar O to sifili ne. Harafi na goma shi ke faɗin shekarar ƙirar, J 2018 ne, K 2019, L 2020, M 2021, kuma wannan kaɗai ya isa ya tona asirin dillalin da ya canza fitilu da bamba ya ƙara wa mota shekara biyu a baki.

Daga nan sai ka shiga shafin hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ka rubuta nhtsa.gov/recalls ka sa lambar, kyauta ne ba'a biyan ko dala. In ya nuna maka sifili to ko dai motarka bata ciki tun asali ko kuma mai ita na farko ya riga ya kai an gyara tun can. In ya jero wani abu to wannan gyaran yana nan ba'a yi ba har yau, kuma shi ne abinda ya tsallako teku ya biyo ka har Maraɗi.

A RAV4 ta 2019 da 2020 abu biyu zan ce ka sa ido. Na farko famfon isansi da ke cikin tanki, wanda kamfanin Denso ya ƙera. A watan Janairun 2020 Toyota ta fara kiran motoci kusan 696,000 a Amurka saboda shi, kafin shekarar ta ƙare adadin ya wuce miliyan 3, kuma RAV4 na cikin jerin. Wata 'yar farfela ce ta roba cikin famfon, tana shan isansi ta kumbura ta karkace, sai ta riƙa gogar jikin gidanta har ta tsaya cak, in ta tsaya inji ya mutu ko kana cikin gudu. Kafin nan yawanci motar kan yi gardamar tashi da safe, ko ta riƙa shaƙewa in ka taka, ko fitilar inji ta kama a tablo. Irin famfon nan ne ya sa Honda ma ta kira motoci kusan miliyan 2 da rabi a Disambar 2023, har da CR-V, dan haka masu CR-V kar su yi dariya. Ka ƙaddara kana wuce babbar mota a hanyar Gazawa inji ya ɗauke ga wata tana tahowa, kaga abin ba na wasa bane. Na biyu ƙarfen ƙasa da ke riƙe da ƙafar gaba, a 2020 an kira RAV4 wajen 9,500 saboda wasu na iya tsagewa, adadin kaɗan ne amma da irin ramukan hanyarmu gara ka duba.

Saura babbar tambaya, wa zai gyara. Dokar Amurka ta tilasta wa kamfani ya gyara kyauta matuƙar motar bata wuce shekara 15 da sayarwar farko ba, amma dokar tasu ce, iyakarta ƙasarsu, wasiƙar kiranyen ma gidan Ba'amurken da ya fara sayen motar anka aika ta, shi kuwa ya daɗe da mantawa da ita. Wakilin Toyota a ƙasar nan shi ne kamfanin CFAO a Yamai, ka kira su tun daga nan ka basu lambar shasin ka tambaya ko zasu iya yin aikin da kuma kan wane sharaɗi, kar ka kwashi kilomita sama da 600 baka ji ta bakinsu ba. In bai yiwu ba to ka sayi famfo na asali da kuɗɗinka ka ba makaniken da ya san aikin, amma dan Allah kar ka yarda da na kwance, domin na kwancen yana iya zama irin wanda anka yi kiranyen dominshi, ka cire mai ciwo ka sa ɗan uwanshi.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni malamar lakol ce, maigida ya saya min ƙaramar kat-kat ta 2018, matsalata ita ce wani lokaci ina tafiya lafiya lau sai tayi ƙara ta taka birki da kanta ba kowa gabana, rannan saura kaɗan mai adaidaita ya shige ni ta baya kuma ni yake zagi. Makanike yace aljanun kwamfuta ne ya cire wayar kawai. Mi kake gani?
Wata Hajiya daga Ali Ɗan Sofo

AMSA: Hajiya sannu da tsoro, Allah ya kiyaye gaba. Baki faɗi sunan motar ba amma abin da kika siffanta sananne ne. Da yawa cikin motocin shekarun nan suna da rada a hancin mota, galibi bayan tambarin kamfani ko ƙasan bamba, da kamara a saman gilashin gaba bayan madubi, su biyun ke gaya wa kwamfuta akwai abu gaba, in taga direba bai taka ba ita sai ta taka. In sun gani daidai suna ceton rai, in sun gani ba daidai ba sai ki samu abin da ya same ki.

A Amurka mutane sun kai ƙorafin haka sosai. A Fabrairun 2022 NHTSA ta buɗe bincike kan motocin Honda kusan miliyan 1.7, CR-V da Accord, saboda taka birki babu dalili, a Afrilun 2024 ta faɗaɗa shi ya kai wajen miliyan 3. Masu Nissan Rogue ta 2017 da 2018 ma sun yi irin wanga kuka. Sai dai a nan ne mutane ke ruɗewa, ƙorafi daban, bincike daban, kiranye daban. Ƙorafi kowa na iya shiga shafin hukumar ya rubuta nashi, ba wanda ya tabbatar tukuna, kamar kai ƙara ne gaban alƙali, kiranye kuwa shi ne hukuncin. Mota mai yawa a hanya dole ƙorafinta ya yi yawa, dan haka in wani ya turo miki hoto yace ga mota kaza tana da ƙorafi ɗari-ɗari, wannan shi kaɗai bai ce komi ba, abin dubawa shi ne ko mutane da yawa abu guda suke kuka da shi.

Amma ni zargina yafi karkata ga tarihin motar. Da yawa cikin ƙananan kat-kat da ke shigo mana daga gwanjon motocin hatsari anka saye su, su Copart da IAA, mota ta daki wata da hanci, asiransi ya biya mai ita ya tura ta gwanjo, ɗan kasuwa ya saya da araha, a Lome ko Kwatano ko nan gida mai gyaran jiki ya miƙe ƙarfe ya sa bamba ya fesa fenti ta fito tana walƙiya. Radar nan kuwa an maida ta da ido ne kawai, wani lokaci har da waya ake ɗaure ta, in ta sunkuya ko kaɗan sai ta riƙa ganin kwalta ko tudun rage gudu a matsayin mota. Haka in an canza gilashin gaba ba'a saita kamarar da kwamfuta ba. Ga ƙurar hunturu da ke lulluɓe tambarin, ga masu sa ƙaton ƙarfe a gaban mota su rufe mata ido gaba ɗai. Sannan a faɗi gaskia wani birkin ba kuskure bane, ɗan kabu-kabu ya gitta miki kamar walƙiya ko amalanken jaki ya fito daga lungu, ke kin saba kin san zai wuce, ita kwamfutar ba'a koya mata tuƙin Maraɗi ba.

Kar ki bari a yanke waya. Wayar nan tana haɗe da wasu abubuwan, a yanke ta tablo ya cika da fitilu, ranar da matsalar gaske ta zo baki iya ganewa. Ki sa a wanke tambarin da gilashin, a buɗe bamba a ga yadda radar ke zaune, a sa na'urar bincike a karanta abin da kwamfutar ta ajiye, in saiti ne a nemi garajin da ke da kayan saitin ko da sai an kai Yamai ko Kano. Kafin nan yawancin motocin suna da wurin rage saurin gargaɗin ko kashe shi cikin tablo, sai dai da yawa in kin kashe mota kin tada yana dawowa da kanshi. Ki kuma duba lambar shasinki kamar yadda na gaya wa Alhaji a sama.

TAMBAYA: Malam ina da Tucson 2017, cikin gida nake ajiye ta ƙarƙashin rumfa jikin ɗakin yara. Ƙanena da ke karatu waje yace wai irinta ana cewa a riƙa kwanar da ita nesa da gida. Motar da ke kashe ƙaƙa zata kama wuta?
Wani ma'aikaci daga Tibiri

AMSA: Ɗan uwa ƙanenka yayi gaskia. A Satumbar 2020 Hyundai ta kira Tucson ta 2019 zuwa 2021 kusan 180,000, bayan 'yan watanni ta ƙara da na 2016 zuwa 2018 adadin ya kai wajen 650,000, kuma kamfanin da kanshi yace a ajiye su waje nesa da gini har sai an gyara. Kia ma tayi irin haka a Maris 2021 da Sportage ta 2017 zuwa 2021. Dalili kuwa akwatin kwamfutar birkin ABS da ke cikin ɗakin inji, kuran na batir yana isa gare shi ko an zare makulli, in cikinshi ya lalace wayoyi sunka haɗu sai ya ɗau zafi a hankali, ƙarfe biyun dare kowa na barci hayaƙi ya tashi. Gyaran da kamfanin yayi ba wani babba bane, fizibil ne ake canzawa a sa mai ƙaramin ƙarfi dan ya ƙone kafin wuta ta kama, wasu kuma a sabunta musu manhajar kwamfuta. Abin takaicin mu nan akasin haka muke yi, fizibil ya ƙone mai lantarkin mota ya naɗa mishi zaren waya yace shikenan Alhaji tafi abinka.

Ka duba lambar shasi yau ɗin nan. In tana ciki kuma ba'a gyara ba, matsar da ita daga jikin ɗakin yara, nesa da buhunan harawa da jarkokin isansin janareto, in fitilar ABS ta kama ko kaji warin ƙonewar roba to kar ka tuƙa, cire kan batir ka kira mai gyara.

Tunda an zo maganar wuta bari in ƙara wadda tafi damuna, dan ita kam ta shafe mu kai tsaye. A Nuwambar 2023 Toyota ta kira RAV4 ta 2013 zuwa 2018 kusan miliyan 1.85 a Amurka, ba dan batirin da ta fito da shi ba, sai dan wanda ake sa mata daga baya. Wasu batiran samansu ya fi na asali ƙanƙanta, in ba'a ɗaure ƙarfen da ke danne shi da kyau ba, ana shan kwana da ƙarfi sai batir ya gusa, kan ja ya taɓa ƙarfen, tartsatsi ya tashi. Toh in a can inda ake auna batir da lamba haka ta faru ina ga nan? Ka buɗe bonet goma a tashar mota ka gani da idonka, batirin da anka samu da araha shi ake jefawa, an toshe gefe da guntun katako, an ɗaure da robar tib, murfin roban da ke rufe kan ja kuwa ya ɓata tun shekarar farko. Duk mai RAV4 ta waɗannan shekaru ya kama batirinshi da hannu biyu ya girgiza, in ya motsa to yana da aiki, batir mai girman da littafin motar ya faɗa, ƙarfen dannewa na gaske, da murfin kan ja. Kuɗɗin bai kai na cika tanki ba in ka cire na batirin.

TAMBAYA: Zan sayi wata kat-kat 2020 hannun dillali, fitilar eyabag, wato jakar iska, na kunne yace sansa ce kawai ba komi, zai sa a kashe min kafin in biya. In saya?
Wani matashi daga Sabon Gari

AMSA: Ƙanena kalmar nan ta "a kashe" ita ya kamata ta tsorata ka, dan hanyar kashe ta mafi sauƙi ita ce a toshe fitilar ko a sa wani ɗan abu da zai ruɗi kwamfuta ta ɗauka jakar iska na nan alhali cikin sitiyari babu komi sai murfi. Yana iya zama sansa da gaske, Toyota ma a Disambar 2023 ta kira motoci kusan miliyan 1 na 2020 zuwa 2022 saboda sansar da ke ƙarƙashin kujerar mai zaman gaba wadda ke iya hana jakar tashi, amma kaga ko a nan ɗin ba'a ce ba komi ba, cewa anka yi a kawo a gyara. Gwajin ba wuya, murɗa makulli ba tare da tada inji ba, fitilar ta kama 'yan daƙiƙu sannan ta mutu da kanta, in bata kama ba sam to an taɓa ta. Ka rubuta lambar shasin a Google, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo suna fitowa, ka ganta da hancinta a murƙushe da jakunkuna a waje. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka jawo bel har ƙarshe ka ga ko akwai layin laka, ka leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, motar da ambaliya ta ci a Amurka ta fi mai hatsari sharri saboda wayoyinta a hankali suke ruɓewa. Ka tafi da naka makanike ba na dillali ba, in ya hana a sa mata na'ura ka barta, motoci basu ƙare ba.

TAMBAYA: In motata na cikin kiranye zan iya neman kamfanin ya biya ni diyya ko ya canza min wata?
Wani direba daga Madarunfa

AMSA: Malam direba ka cire rai da sabuwar mota. Ko a Amurkan abin da ake yi kusan kullum gyara ne, canza mota ko maida kuɗɗi ba kasafai ba, ƙararrakin haɗin gwiwa da kake ji ana raba daloli kuma yawanci na waɗanda sunka sayi motar a can ne. Wanda kake da magana da shi a nan shi ne wanda ya saida maka, shi ma sai in tun farko kun rubuta sharaɗi gaban shaidu, dan haka mai shirin saye ya duba lambar shasi kafin ya ba da kafin alƙalami, in akwai gyaran da ba'a yi ba a cire kuɗɗinshi cikin ciniki. Kai kuma da ka riga ka saya, in kayi gyaran da aljihunka ka ajiye rasit da lambar kayan da anka sa, ranar da zaka saida ta zasu yi maka amfani. Motar da anka ƙera dan kasuwar Dubai ko Turai kuwa shafin Amurka ba zai nuna komi kanta ba, ita sai ta shafin kamfanin da ya ƙera ta ko wakilinshi.